Azurfa a Ma'aunin Dillali: Tarihin Wata Riba

Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya san da dala ake ƙidayar kuɗi a ƙasarmu. Tamma biyar dala ɗaya ce, dala ɗari biyu jikka ce, kuma yaro yakan iya wannan lissafi tun kafin ya iya rubuta sunansa. Dalar nan da yau ba ta isa sayen kwalin ashana ba, a da tsabar azurfa ce mai nauyi, wadda in ta faɗi bisa dutse sai a ji ƙararta daga nesa. Sunan ya tsaya a bakinmu, ƙarfen kuwa ya bi wata hanya. Ya shiga maƙera, ya fito mundaye da zobba da ƴan kunne, ya yi shekaru a jikin iyayenmu mata, sa'an nan ran da yunwa ko ciwo suka shigo gida aka kai shi gaban dillali. Wannan rubutu zai bi sawun tafiyar, domin mu gane inda ribar mai sayen tsohuwar azurfa take fitowa: wane ɓangare nata ne ladan aiki da kasada, wane ɓangare kuma ne kuɗin gaggawar mai sayarwa da rashin saninsa.

Baƙuwar da ta zo bisa raƙumi

Ƙasarmu ta san baƙin ƙarfe tun fil azal, domin akwai tama a duwatsunta kuma akwai masu narka ta. Ta san jan ƙarfe: a Azelik, arewa da Ingal, wurin da masana suke ɗauka shi ne Takadda ta da, matafiyin nan Ibn Battuta ya tarar ana aikinsa a shekara ta 1353. Azurfa kuwa baƙuwa ce. Mafi yawan wadda ta shigo Abzin da Damagaram da Kano a ƙarni na 19 ta zo ne a matsayin kuɗi, cikin kayan fataken da ke tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Gadamas da Gat, su ratsa Abzin da Damargu, su sauke a zangon Damagaram kafin su wuce kudu. Suna kawo yadi da takarda da sukari da allurai, su koma da kirgi da gashin jimina da hauren giwa, da bayi kuma, abin da bai kamata a ɓoye ba.

Tsabar da ta fi kowace farin jini ita ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Masu ita suna ce mata talar. Daga wannan kalma dalar Amurka ta samo sunanta, tamu dalar ma ƴar gidan ce. Hausawa sun kuma kira ta liyari, daga riyal na Larabci. Nauyinta giram 28, kuma cikin kowane kashi 1000 nata, 833 azurfa ce tsantsa, saura jan ƙarfe. Wato kowace ɗaya tana ɗauke da giram 23 da ƴan kai na azurfa. Bayan rasuwar sarauniyar an ci gaba da buga tsabar ba tare da an sauya hoto ko nauyi ko shekara ba, har yau duk wadda ta fito daga gidan buga kuɗi na Biyana 1780 ne rubuce a jikinta. Wannan rashin sauyi shi ya sa aka amince da ita tun daga Yaman da Habasha har Borno. Ɗan kasuwan da bai san haruffan Turawa ba ya san hoton, ya san ƙararta, ya kuma san rubutun da ke kewaye da bakinta, wanda ke tona asirin duk wanda ya kankare ta.

Cinikin yau da kullum kuwa da wuri ake yinsa, kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850, Kano a 1851, da Damagaram a ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano ana canjin dala ɗaya wuri 2500. Kafin ƙarnin ya ƙare wuri ya yi yawa ƙwarai, saboda jiragen Turawa da ke jibge shi a bakin teku, har canjin ya kai kimanin ninki biyu. Wanda ya binne tukunyar wuri ya tono rabin dukiyarsa, wanda ya adana liyari bai yi asara ba. Daga nan mutanenmu suka ɗauki darasin da suka riƙe fiye da shekara ɗari, cewa azurfa ba ta cin amanar mai ajiya.

Amma a daidai lokacin nan, can Turai, azurfa faɗuwa take yi. An buɗe manyan mahaƙai a Nebada ta Amurka daga 1859, Jamus kuma ta bar kuɗin azurfa ta koma na zinariya a farkon shekarun 1870. Awon zinariya ɗaya, da aka saba musanyawa da awo 15 da rabi na azurfa, kafin 1900 sai da ya kai fiye da 30. Ke nan ƙarfen liyari yana araha a inda ake buga shi, yana tsada a inda ake karɓarsa. Falken Gadamas, da ke da wakili a Tarabulus da wani a Damagaram, ya san farashi biyu. Mai kirgi a Damargu ɗaya kaɗai ya sani. Tun wancan zamani ribar azurfa a tsakanin sanin nan biyu take kwana.

Dalar Nasara da kuɗin takarda

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma ta zama babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926. Sun zo da nasu kuɗin azurfa: tsabar tamma biyar, mai nauyin giram 25, wadda kashi 900 cikin 1000 nata azurfa ce, da ƙananan tamma ɗaya da tamma biyu masu kashi 835. Babbar ita ta gaji sunan dala a wannan gefe na iyaka. In aka zuba 200 cikin jikka guda, kilo 5 ke nan na ƙarfe, nauyin da ke bayan kalmar da muke faɗa yau ba tare da kafaɗarmu ta ji komai ba.

Sannu a hankali gwamnatin mallaka ta ƙi karɓar wuri wajen biyan lanho, ta ce sai tsabarta. Talaka mai hatsi da awaki da buhun wuri dole ya nemi mai canji, kuma tun da kowa yana neman tsabar a wata ɗaya, sai ta yi tsada a watan nan. Mai canji bai ƙara wa ƙarfen komai ba, ya dai riƙe shi ne har ranar da aka matsu. Wannan ita ce hanya ta biyu ta riba, wato cin gajiyar lokaci. A shekarun nan ne kuma hanyar hamada ta mutu: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Italiya ta kama Tarabulus a wannan shekara, yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 kuma ya watsa mutanen Abzin zuwa kudu. Stephen Baier ya bi diddigin wannan juyi cikin littafinsa kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, wanda ya fito a 1980.

Yaƙin duniya na farko ya kawo kuɗin takarda da yawa. A 1919 da 1920 farashin azurfa ya hau a duniya har ƙarfen da ke cikin tsaba ya fi abin da aka rubuta a kanta daraja. Faransa ta daina buga tamma ɗaya da tamma biyu da azurfa bayan 1920, Ingila ma a wannan shekara ta maye gurbin sulallan azurfa na Afirka ta Yamma da na garwayayyen ƙarfe. Mutane suka yi abin da hankali ya ba su: suka biya gwamnati da takarda, wadda gara ke ci kuma gobara ke lashewa, suka riƙe azurfa. Lokacin da aka ƙirƙiro kuɗin sefa, ran 26 ga Disamba 1945, azurfa ta riga ta fita daga aljihu ta koma wuya da hannu.

Maƙerin fari da bankin mata

Hausawa sun raba ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. A Abzin da Azawak kuwa akwai inadan, maƙeran Abzinawa, waɗanda mutanensu suka daɗe suna fifita azurfa bisa zinariya. A al'adar da, mai son munduwa ita ke kawo ƙarfenta. Liyari uku da rabi sun kusa giram 100; sai ta miƙa su, ta biya ladan aiki dabam. Maƙeri ya narka su a kasko, ya zuba, ya buge, ya yi zane. Abin wuyan nan da Faransawa suka laƙaba wa suna croix d'Agadez, masu shi kuwa suke ce masa tanaghilt, da kakin zuma ake fara siffanta shi. A lulluɓe kakin da yumɓu, a gasa har ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Tun da sai an fasa mazubin ake fid da abin, babu guda biyu masu kama da juna sak.

Me ya sa mata ne suka fi riƙe wannan dukiya? Maigida yana ajiye arzikinsa a rumbu da garke da gona, inda kowa ke gani kuma kowa ke da buƙata. Mace kuwa, sadakinta da abin da ta samu wajen kaɗi ko fura ko man gyaɗa da ƙuliƙuli nata ne a shari'a, sai dai tana buƙatar wurin da zai tsaya. Akuya tana mutuwa, tsabar kuɗi kowa yana zuwa rance, amma munduwa ba ta ci ba ta sha, ba a gutsurarta don cefanen yini ɗaya. In aure ya mutu da ita mai ita za ta fita, in ɗiyarta ta isa aure ita za ta ba ta. A mazhabar Malikiyya ma babu zakka bisa kayan adon da mace ta riƙe don sawa. Barbara Cooper, cikin littafinta kan aure a Maraɗi wanda ya fito a 1997, ta nuna yadda kayan aure da kayan ɗaki suka zama ma'ajin arzikin mata da ma'aunin darajarsu. A shekarun gyaɗa, wato 1950 zuwa ƙarshen 1960, kuɗi sun shiga ƙauyukan Maraɗi da Matamaye da Magarya alhali babu banki a ƙauye, saboda haka bayan kaka wani kaso nasu maƙera yake tafiya.

Sai dai wannan banki yana da rauni guda. A Faransa, tun 1838 ana buga wa kayan azurfa hatimi mai kan Minerba, wanda ke shaida yawan azurfar da ke cikinsu. Kayan kakanninmu ba su da hatimi. Duk lokacin da aka sake narka munduwa don a sauya mata fasali, ana iya ƙara jan ƙarfe, ko don ta yi ƙarfi ko don wani ya rage wa kansa kaso, sinadarin da ake haɗa gaɓoɓi da shi kuma yana ƙara nauyi ba tare da ya ƙara daraja ba. Bayan narki biyu ko uku, mai munduwa ba ta san abin da ke hannunta ba. Ran sayarwa, bakin dillali shi ne hatimi.

Shekarun da aka kwance mundaye

Tarihin sayar da azurfa a ƙasarmu ba ya rabuwa da tarihin yunwa, wanda Boureima Alpha Gado ya rubuta cikin littafinsa na 1993. An yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973 zuwa 1974 wanda a cikinsa sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, an yi ta 1984 zuwa 1985 da mutane suka kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, an kuma yi ta 2005 wadda ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. A kowace, gida yana rabuwa da abin hannunsa daki-daki: kaji da awaki tukuna, sa'an nan kwanoni da tufafi da kayan ado, sa'an nan shanu, daga ƙarshe a jinginar da gona ko a yi ƙaura. Makiyayan da suka rasa garkensu suka taru a sansanin Lazare na Yamai a farin 1973 zuwa 1974, da yawa babu abin da ya rage musu sai abin da ke wuyan matansu.

A irin wannan lokaci mai sayarwa yana shan duka biyu. Kowa ya fito da azurfarsa rana ɗaya, sai ta yi araha. Kowa yana neman hatsi rana ɗaya, sai ya yi tsada. A damanar 2005 buhun hatsi na kilo 100 ya kusanci jikka 30 a wasu kasuwanni, fiye da ninki biyu na farashinsa na kaka. Ainihin farashin munduwa a wannan hali da tiyar hatsi ake auna shi, kuma tiyoyin da ta sayo a watan Yuli ba su kai rabin waɗanda aka sayar aka ƙera ta ba. Mai saye kuwa shi ne wanda ke da tsabar kuɗi a watan da kowa ya rasa. Yana iya jira har kaka, lokacin bukukuwan aure, ko ya aika da kayan inda yunwa ba ta kai ba.

Wannan wuri na nesa ya samu ne daga shekarun 1960. Gidan tarihi na ƙasa, da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda yau yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya tara masu sana'ar hannu ya sada su da baƙi. An fara fid da uraniyom a Arlit a 1971, ma'aikatan ƙetare suka yawaita, tseren motocin Pari-Dakar kuma ya fara ratsa Agadas tun 1979. Rumfunan unguwar Shato 1 a Yamai da shagunan Agadas suka cika da abin wuya iri 21, kowane da sunansa, na Agadas da na Tawa da na Damagaram da na Madawa da sauransu, tare da tsoffin kayan da aka saya a daji. Baƙo ba ya tambayar giram. Tsufa da kyawun aiki yake biya. Sa'an nan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tun da da dalar Amurka ake yanke farashin azurfa, darajarta a sefa ta ninka cikin dare ɗaya, kuma duk wanda ya sayar da tsohon farashi a makonnin nan ya ba da rabin kayansa kyauta. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun kori masu yawon buɗe ido, abin da ya sa kasko ya sake zama babban mai saye.

Ƙofa huɗu ta riba

Mu ɗauki misali na lissafi, da farashin da muka zaɓa don sauƙi kawai. A ce giram ɗaya na azurfa tsantsa jikka ɗaya ne a kasuwar duniya, a ce kuma wata ta kawo munduwa mai giram 100 da aka ƙera da liyari zalla. Azurfar da ke ciki giram 83 ce, wato jikka 83.

Ƙofa ta farko ma'auni ce. Dillali zai cire giram 5, ya ce dauɗa ce da sinadari, saura 95. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, wani lokaci ma'aunin ne ke da nauyin hannu, kuma mai sayarwa ba ta auna a gida ba.

Ƙofa ta biyu tsarkin ƙarfe ne. Zai goga a dutse, ya ɗiga ruwan asid, ya buga ya saurari ƙara. Asid yana barin tabo fari bisa azurfa mai kyau, yana yin kore in jan ƙarfe ya yi yawa, amma bai faɗin adadi daidai. Sai ya ce kashi 700 ne cikin 1000. Giram 95 sun koma 66 da rabi. A nan yana da hujja, domin ya sha karɓar kayan da aka wanke bayansu da azurfa cikinsu dalma, ko garin nan na jan ƙarfe da nikel da tutiya da Faransawa ke kira maillechort, mai haske kamar azurfa alhali babu ko ɗigonta a ciki. Abin lura shi ne, kowane mai kaya na kirki yana biyan asarar da mai jabu ya jawo.

Ƙofa ta uku ita ce tazarar saye da sayarwa. Ba zai biya farashin duniya ba, domin wanda zai sayar wa ma ba zai biya shi ba, narki yana cin wani abu, jarinsa kuma zai kwanta. In ya cire kashi ɗaya cikin biyar, jikka 53 za su shiga hannun mai munduwa, jikka 30 sun tsaya a hanya. In dillaliya ce ta ɗauko kayan daga cikin gida, kamar yadda aka saba inda mata ke cikin kulle, akwai la'adarta kuma. Kasadar da yake faɗi gaskiya ce. A farkon 1979 oza ɗaya, wato giram 31, dalar Amurka 6 ce. A Janairu 1980, saboda ƴan'uwa Hunt na Tekzas da suka yi ta tara azurfa, ta kusa dala 50. A ƙarshen Maris ta faɗo wajen 11. Ta sake kusantar 50 a Afrilu 2011, ta koma ƙasa shekaru da yawa, ba ta wuce wannan iyaka ba sai a Oktoba 2025. Wanda ya cika akwati ana tsada, ya kwana cikin asara.

Ƙofa ta huɗu ita ce mafi faɗi, kuma ba a ganinta a ma'auni. Dillali yana saye da nauyi, amma yana da zaɓi wajen sayarwa. Abin da ya lalace ya tafi kasko. Abin da ke da kyau a wanke shi a sayar wa amarya da kuɗin ƙarfe da kuɗin aiki. Abin da ya tsufa kuma aikinsa ya yi fice a ajiye wa mai tara kayan tarihi, wanda zai biya ninkin darajar ƙarfen. Aikin maƙerin da aka ce wa mai kaya ba shi da farashi da safe, shi ake sayarwa da maraice.

Abin da shari'a ta hango

Malamanmu na fiƙihu sun san waɗannan ƙofofi tun da daɗewa. Musanya azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu, saboda haka wadda ke son sauya tsohuwar munduwa da sabuwa, hanyar da ta fi tsabta ita ce ta sayar da tata ta karɓi kuɗi, sa'an nan ta sayi sabuwar. Sura sukutum ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, da masu tauye awo ta fara. Hadisi ya hana tarbar ayari a bayan gari don a saye kayansa kafin ya san farashin kasuwa, Malikiyya kuma sun ba wanda ya miƙa wuya ga amanar abokin cinikinsa, aka cuce shi, damar warware cinikin. Babu inda aka haramta ribar dillali. An dai raba ribar da ta fito daga wahala da jari da kasada, da wadda ta fito daga ɓoye wa mutum abin da ya kamata ya sani. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa a watan da babu banki mai ba talaka rance, dillalin nan shi ne ya fid da tsabar da ta sayi hatsi.

Abin da kasko ba ya mayarwa

Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, akwai abin da ke hannunmu. Gaggawar mai yunwa ba mu da maganinta a aji, amma rashin sani namu ne. Ɗan kwaleji yana iya koyon cewa maganaɗisu ba ya jan azurfa, kuma baƙin da take yi in ta daɗe ba alamar jabu ba ne. Yana iya auna munduwa marar rami, ya tsoma ta cikin kwalbar awo: giram 100 na azurfar liyari suna ɗaga ruwa kimanin mililita 10, na maillechort kuwa 11 da rabi. Yana iya koyon ninka nauyi da tsarki da farashin giram, wanda yau ake samu a wayar salula. Gidan da ke da yaro irin wannan zai auna kayansa tun a gida, ya tambayi farashin giram kafin ya buɗe ƙunshi, ya ji tayin mutum uku, ya kuma ware abin da darajarsa ke cikin aikinsa daga abin da darajarsa ke cikin nauyinsa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowa. Ƙarfen da aka narka yana nan, gobe zai zama wani zobe. Zanen da wani maƙerin Tasawa ko na Ingal ya yi shekara ɗari da suka wuce, bisa mazubin da ya fasa da hannunsa, shi ne ba ya dawowa. Ba za mu ce wa uwar da ɗanta ke kwance kada ta sayar ba. Amma ƙungiya tana iya buɗe kundi a kowane gari, ta bi gida-gida da izinin masu shi, ta ɗauki hoton tsoffin kaya, ta rubuta nauyinsu, da sunan da ake kiransu da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, da sunan maƙerin in ana tune da shi, da hannuwan da suka gada. Tana iya yin magana da gidajen tarihi na Yamai da Damagaram, da dillalan kansu, domin a riƙa sanar da ita kafin a narka abin da ya yi fice. Tsofaffin da suka ga ana biyan lanho da dalar azurfa sun kusa ƙarewa, amma ɗiyansu mata da suka kwance mundayensu a 1974 da 1984 suna nan cikin gidajenmu, kuma sun san abin da aka ba su da abin da suka saya da shi. Ya kamata a tambaye su tun suna iya ba da labari.